Ayaba a ƙasar ƙanƙara: gaskiya da shaci-faɗi

A Ingila, da zarar Nuwamba ta kama, za ka ga ayaba a bayan gida an naɗe ta kamar jinjiri. Maganganu sun yi yawa a kan wannan, kuma ba duka ne ke da tushe ba.

Wai in ganye ya yi baƙi ya langaɓe, ayaba ta mutu. Ba haka ba ne. Abin da muke kira kututturen ayaba ba itace ba ne, gindin ganyaye ne da suka nannaɗe juna, cike da ruwa. Dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya mai da ganyen kamar dafaffen alayyafo. Amma rai yana ƙarƙashin ƙasa, a dunƙulallen tushe mai kama da gwaza. Irin da Turawa suka fi shukawa, Musa basjoo, tushensa kan jure digiri 10 ƙasa da sifili in an lulluɓe shi sosai, ya sake tohowa wajen watan Mayu. Suna kiran sa ayabar Japan, alhali asalinsa daga Sin ne.

Maganar da ta fi ɓarna ita ce ta leda. Mutum ya ɗaure kututture da leda tam, yana ganin ya yi mata bargo. Leda ba ta numfashi. Damshi ya taru a ciki, ranar da aka kwance sai wari, kututturen ya ruɓe ya zama kunu. A ganina, lemar da aka kulle ta fi sanyin kansa kashe ayaba. Masu lambu da suka san aiki sukan yanke ganyen da ya mutu, su kewaye kututture da ragar waya, su cusa busasshen karan alkama a tsakani, sannan su ɗora murfi a sama kawai don kada ruwa ya shiga.

Wai kowace ayaba za ta jure in an naɗe ta. Nan ma a'a. Jar ayabar Habasha, dangin enset da mutanen kudancin Habasha ke ci, tono ta ake yi, a kife ta ruwan ya tsane, a ajiye a ɗakin da ƙanƙara ba ta shiga.

Gaskiya ne basjoo kan yi fure har a Ingila in kututturen ya tsira shekaru, amma kada yawu ya tsinke: 'ya'yan ƙanana ne, ba a cin su.

Har da labarin cewa Aisilan ce ta fi kowa noman ayaba a Turai. Akwai ayaba a garin Hveragerði, amma cikin gidan gilashi da ruwan zafin ƙarƙashin ƙasa ke ɗumamawa, kuma ba ta kama ƙafar ta tsibiran Kanari na Sifen ba.