Tagar Ɗaki da Lafiyar Shukar Tukunya a Ƙasar Kabi

Littattafan Turai kan ce a ajiye shuka a tagar kudu, domin a can ta kudu rana ke ratsawa duk shekara. A Zauro da Birnin Kebbi da Argungu, tsakanin digiri 12 da 13 arewa da ikwaita, lamarin ya sha bamban. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana kan karkata arewa da tsaka, sauran watanni ta koma kudu.

Tagar yamma ce mafi haɗari. Da bazara, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, ranar la'asar takan ratsa gilashi, zafin ya taru a ɗaki. Sai ganye ya rufe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su, domin tattalin ruwa. Nan take haɗa abinci ya ragu, tururin da ke sanyaya ganyen ya yanke, gefensa ya ƙone.

Moɗa da zabuwa sun fi jurewa, domin da dare suke buɗe ƙofofinsu. Na'ana'a kuwa tagar gabas ta fi dacewa da ita, inda ranar safe ke da sauƙi. A riƙa shayarwa da sassafe, a kuma rataya asabari a tagar yamma.