Sifiri ɗaya da ke iya hana ma'aikaci albashinsa

Kafin saƙon shigar albashi ya iso wayar ma'aikaci a ƙarshen wata, sai an haɗa jadawali biyu a rumbun bayanai: na sunayen ma'aikata da na asusunsu na banki. Umarnin da ke wannan aiki a harshen SQL shi ne JOIN. Da irin wannan haɗi aka gwada jerin albashin tarayya da lambobin BVN a 2016, aka cire sunayen bogi sama da 23,000. Sai dai umarnin da ke kama na bogi yana iya jefar da na gaske.

Wasu kurakuran sukan tona kansu. Idan jadawalin biyu suna da gurbi mai suna iri ɗaya, ba a kuma fayyace wanda ake nufi ba, MySQL zai tsaya da kuskure mai lamba 1052, Oracle kuma ya nuna ORA-00918. Maganin shi ne a sa sunan jadawali kafin sunan gurbin. Wannan mai sauƙi ne, domin aiki ba zai ci gaba ba sai an gyara.

Abin tsoro shi ne kuskuren da ba ya ƙara. INNER JOIN ba ya dawo da komai sai layukan da suka dace a ɓangarorin biyu. Lambar asusu ta NUBAN alƙaluma 10 ce, da yawa kuma da sifiri suke farawa. Idan fayil ya bi ta Excel, sifirin kan zube, 0123456789 ta koma 123456789. In an gwada su a matsayin rubutu, ba za su dace ba. Sunan mutum zai faɗi daga jeri ba tare da gargaɗi ba, sai ya shiga zaryar ofis-ofis da takardar koke.

Akasin haka ma na faruwa: lambar da ta maimaitu a jadawalin banki takan fito da ma'aikaci sau biyu.

Shi ya sa gogaggun jami'an kwamfuta ke ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa. In adadin ya ragu, sukan sake binciken da LEFT JOIN tare da IS NULL, su ga waɗanda ba su sami abokin haɗi ba. Duk hadimin da aka miƙo wa jerin albashi domin mai gida ya sa hannu, yana da damar tambaya: mutum nawa suka shiga, nawa suka fito?