Mercier: Mazaɓar da ta kayar da Firimiya a unguwarsu

A daren 15 ga Nuwamba 1976, Firimiyan lardin Kebek na ƙasar Kanada, Robert Bourassa, ya sha kaye biyu a lokaci guda. Jam'iyyarsa ta Liberal ta faɗi zaɓe, shi kansa kuma ya rasa kujerarsa ta majalisa a mazaɓar Mercier, yankin da ya tashi a cikinsa. Wanda ya kayar da shi ɗan jarida ne marubucin waƙoƙi, Gérald Godin, mutumin da shekara shida kafin nan 'yan sanda suka ɗauke daga gida suka tsare, a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci da gwamnatin Bourassa ɗin ce ta nema.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake. Kanada tarayya ce mai larduna goma, kowane lardi da majalisarsa da gwamnatinsa. Kebek ne kaɗai lardin da mafi yawan jama'arsa Faransanci suke yi a gida. Majalisarsa tana da kujeru 125 a zaɓen 2022, a 1976 kuwa 110 ne. Ba a zaɓen firimiya kai tsaye. Shugaban jam'iyyar da ta fi rinjaye a majalisa shi ne yake kafa gwamnati, kuma shi ma sai ya tsaya takara a wata mazaɓa kamar kowa. Wanda ya san yadda Sardauna ya zama Firimiyan Arewa ya san wannan tsari, domin duk daga Ingila aka gado shi. Zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi ƙuri'a ya ci, ko da bai kai rabi ba.

Ita Mercier tana tsakiyar birnin Montreal, a unguwar Plateau-Mont-Royal, gabas da dutsen da birnin ya kewaye. Ba ta da faɗi, amma cike take maƙil da jama'a. Gidajenta na jan bulo ne, hawa biyu ko uku, manne da juna, kuma matakalar hawa benen a waje take, ta ƙarfe, tana murɗawa daga bakin titi zuwa ƙofar sama. Da can unguwar ma'aikata ce masu Faransanci, 'yan masana'antu da masu ƙananan sana'o'i. A gefenta na yamma, wajen titin Saint-Laurent, baƙi ne suka yi ta sauka bi da bi: Yahudawan Gabashin Turai, sannan Girkawa, sannan mutanen Fotugal. An sa mata sunan Honoré Mercier, wanda ya yi firimiya daga 1887 zuwa 1891, kuma da wannan suna aka fara zaɓe a cikinta a 1966.

Bourassa ne ya fara cin ta a wannan shekarar. Matashi ne masanin tattalin arziki, ya yi karatu a Oxford da Harvard. A 1970 ya zama shugaban Liberal, ya yi alkawarin samar da ayyuka 100,000, ya zama firimiya yana da shekara 36. Bai gama zama daram a kujera ba sai ga fitinar watan Oktoba. Wata ƙungiyar 'yan a-ware masu ɗauke da makamai, FLQ, ta sace jami'in diflomasiyyar Birtaniya James Cross, bayan 'yan kwanaki ta sace ministan ƙwadago na lardin, Pierre Laporte. Bourassa da magajin garin Montreal suka nemi gwamnatin tarayya ta ba da ikon gaggawa, Firaminista Pierre Trudeau ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 16 ga Oktoba. Washegari aka tsinci gawar Laporte. Sojoji suka cika tituna, aka kama kusan mutum 500: marubuta, 'yan ƙwadago, ɗalibai, mawaƙa. Mafi yawansu an sake su ba tare da an tuhume su da komai ba. Godin yana cikinsu, tare da abokiyar zamansa, mawaƙiya Pauline Julien.

A zaɓen 1973 Bourassa ya yi cin da ba a saba gani ba, kujeru 102 cikin 110. Jam'iyyar Parti Québécois, wato PQ, mai neman Kebek ta ɓalle ta zama ƙasa, ta samu kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u, amma kujera shida kacal ta tashi da su. Daga nan al'amura suka fara sukurkucewa. Yajin aiki ya yawaita, zargin almundahana ya yi ta tashi, kuɗin shirya wasannin Olympics na 1976 ya wuce hankali. Dokar da ya yi a 1974 wadda ta mayar da Faransanci harshen hukuma ta ɓata wa masu Ingilishi rai, su kuma masu kishin Faransanci suka ce ba ta isa ba. Da ya kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba, ba shi da wani ɓangare da ke tsaye a bayansa da zuciya ɗaya.

Godin, ɗan takarar PQ, bai da kuɗin da zai yi gogayya da firimiya. Keke ya hau, ya bi unguwar layi-layi, ya jingine keken a gindin matakala, ya hau ya ƙwanƙwasa, ya sauko, ya hau ta gaba. Bourassa kuwa yana can yana yawon kamfe a faɗin lardi. A ƙarshe PQ ta René Lévesque ta ci kujeru 71, Godin ya ci Mercier. Bourassa ya ajiye shugabancin jam'iyya ya tafi Turai. Ya dawo daga baya, ya sake zama firimiya a 1985, amma bai ƙara tsayawa a Mercier ba.

Shekara goma sha takwas Godin ya yi yana riƙe da kujerar, kuma a ganina abin da ya yi da ita ya fi yadda ya same ta muhimmanci. Fafutukar 'yancin Kebek ta samo asali ne daga ɓacin ran masu Faransanci, waɗanda suka daɗe suna ganin an mayar da su bayi a gidansu, manyan ayyuka da manyan kasuwanci duk suna hannun masu Ingilishi. Irin wannan fafutuka tana da haɗari guda: ta rufe ƙofa ga duk wanda kakanninsa ba daga Faransa suka zo ba. Baƙi sun gane haka, shi ya sa yawancinsu suka riƙa bin Liberal. Godin, wanda maƙwabtansa Girkawa ne da mutanen Fotugal, ya dage cewa ƙasar da ake son kafawa ta kowa ce da ke zaune a cikinta. A farkon shekarun 1980 aka ba shi ministan shige da fice da al'ummomin baƙi, ya yi ta shiga tarukansu da gidajen cin abincinsu. Ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya ci gaba da aiki yana fama da shi, ya rasu a watan Oktoba 1994. Yau idan ka fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mont-Royal, filin da za ka tsaya sunansa yake ɗauke da shi, kuma a jikin bangon bulo na wani gini da ke gefe an rubuta waƙarsa mai suna Tango de Montréal, wadda ya yi kan baƙin da ke sammako su cika jirgin zuwa wurin aiki.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta 1995 kan ɓallewar Kebek. Masu son a zauna cikin Kanada suka tsira da kashi 50.6 cikin ɗari. A daren, Firimiya Jacques Parizeau na PQ ya ɗora laifin faɗuwar a kan kuɗi da ƙuri'un baƙi. Wannan magana ta yi wa jam'iyyar illar da ta daɗe ba ta warke ba, kuma a Mercier ne ciwon ya sake tashi.

Robert Perreault na PQ, wanda ya gaji Godin, ya sauka a shekarar 2000, aka shirya zaɓen cike gurbi. Wani tsohon ɗan siyasa, Yves Michaud, ya nemi PQ ta tsayar da shi. Sai ya yi wasu kalamai kan Yahudawa da kan yadda baƙi suka jefa ƙuri'a a 1995. Ranar 14 ga Disamba 2000 majalisar lardin gaba ɗayanta ta yi tir da shi, ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba, abin da wasu daga cikin 'yan majalisar suka nuna nadamarsa daga baya. Jam'iyyar ta dare gida biyu. A watan Janairu 2001 Firimiya Lucien Bouchard na PQ ya ba da sanarwar murabus, kuma ya ambaci wannan rikici a cikin jawabinsa. Takarar kujera ɗaya ta taimaka wajen tafiyar firimiya na biyu.

Zaɓen cike gurbin na Afrilu 2001 Nathalie Rochefort ta Liberal ce ta ci shi. Amma wanda aka fi magana a kansa shi ne na uku, Paul Cliche, ɗan takara mai zaman kansa da ƙananan ƙungiyoyin masu ra'ayin talakawa suka haɗu suka mara wa baya. Ya samu kusan kashi 24 cikin ɗari. Waɗannan ƙungiyoyi sun shafe shekaru kowacce tana tsayar da nata, kowacce tana tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Mercier ta nuna musu cewa tsintsiya sai an ɗaure ta take shara. A 2002 suka kafa jam'iyyar UFP, a 2006 ta haɗe da ƙungiyar Option citoyenne ta Françoise David, aka samu Québec solidaire: jam'iyya mai goyon bayan 'yancin Kebek, amma mai fifita batun talaka, mata da muhalli.

Mutumin da ya kai ta majalisa likita ne, Amir Khadir, ƙwararre kan cututtuka masu yaɗuwa, haifaffen birnin Tehran na Iran, wanda ya zo Kebek yana ɗan shekara goma. Sai a karo na uku ya ci Mercier. A 2003 ya faɗi, Daniel Turp na PQ ya ci. A 2007 ya zo na biyu. A Disamba 2008 ya kayar da Turp da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗaya ba, ya zama ɗan majalisa na farko, kuma shi kaɗai, na jam'iyyarsa. Mutum ne mai zafin kai a siyasa. A watan da aka zaɓe shi ya jefi hoton George Bush da takalmi a gaban ofishin jakadancin Amurka a Montreal, don nuna goyon baya ga ɗan jaridar Iraƙi da ya jefi Bush ɗin kansa da takalmi a Bagadaza. A 2012 'yan sanda suka kama shi a zanga-zangar ɗalibai kan ƙarin kuɗin makaranta. Akwai masu ganin hakan ya zubar da girman kujerar, amma mutanen Mercier sun sake zaɓensa a 2012 da 2014.

Dole a faɗi cewa unguwar ita ma ta canza a wannan tsakanin. Masana'antu sun rufe, ɗalibai da masu zane da malaman jami'a sun shigo, ga kuma matasa masu yawa daga Faransa. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, har iyalai da dama na tsofaffin ma'aikata suka tattara suka bar wurin. Masu sukar Québec solidaire suna cewa jam'iyyar talakawa ce da 'yan boko masu rufin asiri suke zaɓa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai mafi yawan mazauna Plateau 'yan haya ne, kuma tsoron a tashe su daga gida abu ne da suke kwana da shi.

Da Khadir ya janye a 2018, Ruba Ghazal ta gaje shi. An haife ta a Labanon, iyayenta Falasɗinawa ne 'yan gudun hijira, ta iso Montreal tana yarinya ba ta jin Faransanci. Dokar harshe ta 1977, wadda gwamnatin su Godin ta kafa, ta wajabta wa 'ya'yan baƙi shiga makarantun Faransanci, kuma ta wannan hanya ta koye shi. Ta sake cin kujerar a 2022. A wannan zaɓen jam'iyyarta ta samu kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙuri'un lardin da kujeru 11, PQ ta samu kusan haka amma kujeru 3 kawai, jam'iyyar CAQ mai mulki kuwa ta kwashe kujeru 90 da kashi 41. Bambancin da ke tsakanin 11 da 3 ya zo ne daga yadda ƙuri'un Québec solidaire suka taru a 'yan unguwanni irin Mercier da maƙwabtanta, na PQ kuma suka warwatsu ko'ina. Jam'iyyar ba ta da shugaba guda, masu magana da yawunta biyu take zaɓa, kuma a watan Nuwamba 2024 'ya'yanta suka ba Ghazal ɗaya daga cikin muƙaman biyu.