Asibitin Soja Ko Asibitin Gari: Ina Za A Kai Mai Bukatar Fiɗa?

'Yan'uwa manoma, idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, a lokacin ne yawancin masu fama da gwaiwa sukan yi shirin zuwa Kaduna domin a yi musu aiki. A cikin ƙungiyoyinmu na gama kai akwai tsofaffin sojoji da suka koma gona. Su kan ce asibitin soja ya fi. Waɗansu kuwa su ce na gari ya fi. To, da wane mudu za a auna?

A Kaduna ta arewacin kogi akwai manyan asibitoci biyu da ba su da nisa da juna. Ɗaya shi ne Asibitin Soja na 44, wanda yake duba sojoji da iyalansu da waɗanda suka yi ritaya, yana kuma karɓar farar hula. Ɗayan shi ne Asibitin Barau Dikko a Titin Lafiya, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna a 2015. An sa masa sunan Dokta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa.

A Amurka an daɗe ana wannan gardama, gama can tsofaffin sojoji suna da asibitocinsu dabam. Da ƙorafi ya yi yawa, sai a 1985 majalisar ƙasar ta yi doka a riƙa gwada sakamakon fiɗarsu da na sauran asibitoci. A 1994 suka kafa tsarin bin kowane maras lafiya har kwana 30 bayan aiki, a rubuta ko ya warke, ko ciwon ya ruɓe, ko ya rasu. Cikin wajen shekara goma, mutuwa bayan babbar fiɗa ta ragu da kashi 27 cikin ɗari. Wani bincike da ya fito a ƙarshen 2021 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki a asibitocin tsofaffin sojoji sun fi tsira bisa ga na asibitocin waje. Ba kakin soja ne ya kawo wannan ba. Lissafi ne da gyara, kamar yadda manomin kirki yake ƙirga buhunansa kowace shekara domin ya san gonar da take bukatar taki.

Lissafin Amurka na Amurka ne, ba za a ɗora shi a kan asibitocin Kaduna ba. Mudun kaɗai za mu ara. A nan Afirka ma an auna. A 2018 aka buga binciken da ya bi mutum fiye da dubu 11 a ƙasashe 25, har da Nijeriya. Wajen biyu cikin ɗari suka rasu, kuma kusan dukansu ba a ranar fiɗar ba ne, a kwanakin baya ne, suna kwance a gado. Watau haɗarin ba a wuƙar likita kaɗai yake ba. Yana wajen jinya, inda zazzaɓi ko zubar jini za su taso da dare ba wanda ya lura da wuri.

Saboda haka, kafin ku sa hannu a takarda, ko a asibitin soja ko a na gari, ku yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

1. Likitan da zai yi aikin, ya saba yin irinsa?
2. Wa zai ba da maganin barci? Mai horo ne, zai kuma tsaya har a gama?
3. Akwai jini a ajiye, ko mu kawo masu bayarwa?
4. Idan wuta ta ɗauke, akwai injin da iskar numfashi?
5. Da dare nas nawa ke duba ɗakin, wane likita za a kira?
6. Nawa ne kuɗin duka, har da magani da gado da gwaji?

Asibitin da ya amsa ba tare da fushi ba, alama ce mai kyau. Tsohon soja kuma ya tafi da katinsa da takardun inshorar lafiya, ya tambaya tun da wuri abin da aka ɗauke masa da abin da zai biya.

Amma a lura. Duk wannan zaɓe na aikin da zai iya jira ne. Idan gwaiwa ta kumbura ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ko mace ta daɗe tana naƙuda, ba a jiran ranar kasuwa, ba a kuwa tsallake asibiti na kusa mai ɗakin fiɗa domin neman mai suna. Hanjin da ya shaƙe yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce, a taron kaka a ware buhu ɗaya ko biyu domin asusun asibiti, a rubuta sunayen masu iya ba da jini, a kuma san motar da za a tasa da tsakar dare. Kada a bari sai ciwo ya zo a sayar da shanun noma da araha.