Yadda Ƙauye Zai Riƙe Makarantar 'Ya'yan Talakawa

Jama'a, kowa ya san makarantar allo ba a tambayar kuɗin shiga cikinta. Ɗan sarki da ɗan talaka su kan zauna kan tabarma guda, malami bai kori kowa ba don ubansa ba shi da abin hannu. Amma karatun da babu biya ba shi ne karatun da babu ɗawainiya ba. Malami zai ci, zai yi sutura, ga rumfa tana son gyara kowace damina. To, wa ke ɗaukar nauyin nan?

A zamanin da, mutanen gari ne ke ɗauka. Yara su kan kawo kuɗin Laraba gwargwadon ƙarfin iyayensu, domin ran Laraba a ke tashi, a huta Alhamis da Jumma'a. Da damina manyan almajirai su taya malami noma. Da kaka manoma su aiko masa da dammuna. In yaro ya kai wani matsayi cikin karatu, ko ya yi sauka, a yi sadaka, malami ya sami rabonsa. Sa'ad da waɗannan hanyoyi suka raunana, sai malamai suka yawaita tafiya ci-rani birane da yara ƙanana, abinci ya koma sai an yi bara. Yaro kuwa da ya wuni yawo da ƙoƙo, me zai shiga kansa in ya ɗauki allo?

Hukuma ta sha gwada magani. A 1976 aka soma shirin karatun firamare kyauta ga dukan Nijeriya. A 2004 aka yi doka cewa kowane yaro zai yi shekara 9 a makaranta ba biya, aka ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don wannan aiki, amma jiha ba ta samun nata sai ta ajiye daidai da abin da za a ba ta. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai a Gagi, cikin Sakkwato, inda a ke haɗa Alƙur'ani da boko, aka gina waɗansu irinta a jihohi. Da yawa daga cikinsu sun lalace don rashin mai kula. A 2023 kuma aka kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Abin lura a nan shi ne, gini ana yinsa sau ɗaya, amma cin abincin malami da na yaro kullum ne. Abin da ke kullum kuwa, sai na kusa ke iya tsare shi.

Hanyoyin taimako uku ne, kowace da hukuncinta. Ta fari zakka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, a kan fid da ɗaya cikin 10. Wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, ɗaya cikin 20. Amma zakka tana da mutane iri 8 da aka ambata cikin Suratut Tauba, aya ta 60, kuma a mazhabar Maliki ba a gina makaranta ko masallaci da ita. Watau za a ba malami matalauci, da iyayen yara matalauta, su mallaka, amma ba a sayi kwano da siminti da ita ba. Ta biyu hubusi, wanda a ke kira waƙafi. Mutum ya tsai da gona, ko rumfar kasuwa, ko lambu, ba a sayarwa, ba a gado, amfanin ne kaɗai za a riƙa kashewa ga makaranta. Wannan ita ce ta fi dorewa, gama ba ta mutuwa da mutuwar mai bayarwa. Ta uku sadaka, ita kuwa ba ta da iyaka: katako, ko alli, ko yinin aikin gayya.

Mu ɗauki misali. Ƙauye mai gida 100, in kowane gida ya ba da dami 1 da kaka, an sami dami 100 a rumbun makaranta. Ba wanda ya ji ciwo, malami kuwa ba shi da sauran dalilin kwasar yara zuwa birni. Sai a zaɓi dattawa 3 masu amana su riƙe rumbun, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan sallar Jumma'a, domin zato shi ke kashe taimako.

Sa'an nan a nemi ƙaramar hukuma ta aiko da malamin karatu da rubutu da lissafi, yaro ya yi allo da asuba, ya yi boko da hantsi, ya kwana gaban uwarsa. Kada kuma a bar 'yan mata baya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajojinta ƙauyuka suna koya wa mata addini, saboda haka ba baƙon abu ba ne.

Mu da mu ke koyon aikin malanta, yawancinmu ƙauye za a kai mu. Ya kamata wanda ya sauka gari ya fara gai da malamin allo, ya san yaran da ba su zuwa, ya san dalili, kana ya kai magana gun dagaci da liman. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.