A Ina Za Mu Baje Kayanmu a Intanet? Shawara Ga Sababbin Masu Sana'ar Tufafi

A shekarun baya, idan mace ta gama koyon ɗinki ta sami keke, abin da ke damunta shi ne rumfa: ina za ta samu, nawa ne kuɗin haya, ko tana kusa da kasuwa. Yanzu tambayar ta canza. A kusan kowane zama da muke yi da ƙungiyoyin mata da matasa masu ɗinki, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "An ce mini in shiga Jumia, wata ta ce Instagram, ƙanena kuma ya ce in buɗe shafi na kaina. Wanne zan bi?" Mun ga waɗanda suka shiga ko'ina a lokaci guda, bayan wata uku jarin ya ƙare a sayen data da biyan kuɗin talla, ba a sayar da riga goma ba. Ga iyalin da suka rasa gida ko gona, suka fara rayuwa daga tushe da keke ɗaya, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Shawararmu ita ce a fara da wuri ɗaya, wurin da mutanen da suka riga suka san ku suke. Ga yawancinmu wannan wuri WhatsApp ne. Amma bari mu bayyana dalili, domin akwai waɗanda wata hanyar za ta fi dacewa da su.

Abin da ya sa tufafi suka fita dabam

Mai sayen buhun shinkafa ya san abin da zai samu. Mai sayen riga kuwa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano ko a Taminus ta Jos yakan taɓa yadin, ya ɗaga shi a hasken rana, ya gwada a jikinsa. A intanet duk wannan babu, hoto kawai yake gani. Launin da ya fito ja a wayarku yana iya fitowa ruwan goro a tasa. Rigar da kuka kira babba tana iya matse shi a kafaɗa. Saboda haka yawan saɓanin da ake samu a wannan sana'a a kan launi ne da awo, kuma wanda ya san ku ne kaɗai zai yi haƙuri ya dawo da kayan a gyara. Baƙo kuwa sai ya fasa cinikin, ya kuma ɓata muku suna.

Kafin ku zaɓi hanya, ku tambayi kanku abu uku. Kuna ɗinka wa mutum bisa awonsa ne, ko kuna ɗinka kaya iri ɗaya da yawa ku ajiye, kamar hijabai da kayan jarirai da rigunan makaranta? Guda nawa za ku iya gamawa a mako idan babu wuta? Su wa kuke sa ran za su saya, kuma yaya kayan za su isa hannunsu?

WhatsApp

Manhajar WhatsApp Business ta fito a shekarar 2018, kyauta ce, kuma an yi ta ne domin ƙananan 'yan kasuwa. Tun daga 2019 tana da wurin jera kaya, inda za a sa hoton kowace riga da farashinta da bayaninta, mai saye ya duba ba sai an riƙa turo masa hotuna ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai kuma saƙon maraba da ke tafiya da kansa, da alamomin da ake manna wa hira domin a san wanda ya biya da wanda ake bi bashi.

Amfaninta shi ne ba ta cire ko kwabo daga cinikin, ba ta cin data da yawa, kuma tana aiki da saƙon murya. Wannan na ƙarshe muhimmi ne ƙwarai. Da yawa cikin matan da muke aiki tare da su ba su iya rubutun boko sosai ba, haka ma masu sayen nasu, amma kowa ya iya danna waya ya ce, "Yaya, tsawon hannun nan a ƙara inci biyu." Ana ciniki kamar yadda ake yi a bakin rumfa.

Tana da iyaka, dole mu faɗa. Hoton da aka sa a sitatus yakan ɓace bayan awa 24, kuma waɗanda suka ajiye lambarku ne kaɗai ke ganinsa. Saƙon da ake aika wa mutane da yawa a lokaci guda bai wuce mutum 256 a jeri ɗaya ba, shi ma sai wanda ya ajiye lambar zai samu. Wato WhatsApp ba ta kawo baƙi. Tana riƙe waɗanda ake da su ne. Sababbin masu saye za su zo ta bakin tsofaffi, ko ta taron biki da na suna inda aka ga ɗinkin a jikin wata. Muna ba da shawara a buga lambar waya a ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga. Wata tsohuwa a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ce ta fara yin haka, mun ga yana aiki.

Wani abu kuma, a daina cika rukunin iyali ko na unguwa da hotuna ashirin kowace safiya. Mutane sukan gaji su toshe lambar.

Facebook, Instagram da TikTok

Nan ne ake samun baƙi. Facebook ya fi yawan manya da mutanen ƙananan garuruwa, yana kuma da sashen kasuwa inda ake jera kaya ga mutanen yanki ɗaya. Instagram ya fi dacewa da kayan ado masu tsada, irin su leshi da shadda da abaya da kayan amare, masu sayensa kuma galibi suna Abuja da Kano da Kaduna da Legas. TikTok na bidiyo ne. Idan akwai yarinya a gida da ta iya ɗaukar gajeren bidiyo yadda ake yanka yadi har ya zama riga, yana iya jawo mutane ba tare da an biya komai ba.

Sai dai waɗannan wurare suna cin lokaci da data, kuma suna son hoto mai kyau kullum. Kyakkyawan hoto ba ya bukatar waya mai tsada: a ɗauka da safe a inuwa, a jikin bango mara ado, kada a yi wa launin kwalliya. Yawan mabiya ma ba ciniki ba ne, kada kowa ya biya kuɗi a "ƙara masa mabiya". Abin da muka ga ya fi amfani shi ne a ɗauki ɗaya daga cikin ukun a matsayin allon talla, duk wanda ya nuna sha'awa a kawo shi WhatsApp a gama magana a can.

Manyan kasuwannin intanet

Jumia da Konga duk an kafa su a Legas a shekarar 2012. Su ne suke karɓar kuɗi, su kai kaya, su cire kasonsu, sa'an nan su biya mai kaya. Mutane masu yawa suna shiga, wannan gaskiya ne. Amma an tsara su ne domin mai kaya iri ɗaya da yawa a ajiye. Idan oda ta shigo dole a kai kayan wurin da suke karɓa cikin ɗan lokaci, mai saye yana da damar dawo da su, kuɗin kuma ba ya zuwa a ranar. Ban da haka, rigarku za ta zauna a gefen rigunan da aka shigo da su daga ƙasar Sin, waɗanda inji ya ɗinka dubbai a farashin da ba za ku iya bi ba.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce yadi da zare da ziƙ da sauran kaya sun ci Naira 9,000, kun sa farashin riga Naira 14,000. A ce kasuwar ta cire kashi 15 cikin 100, wato Naira 2,100, kun kuma kashe Naira 1,500 a kan leda da kuɗin mota zuwa wurin ajiyewa. Saura Naira 1,400 ke nan ladan aikin yini guda ko biyu. Idan aka dawo da riga ɗaya cikin biyar, ribar sauran huɗun ta tafi. Ainihin kason da ake cirewa yana canzawa, don haka a karanta sharuɗɗan, a sa nasu adadin cikin wannan lissafi kafin a yi rajista. Ƙungiyar mata goma da ke ɗinka hijabai ɗari a mako kusa da babban gari tana iya cin riba a nan. Mace ɗaya da keke ɗaya a ƙauye, da wuya.

Jiji, wadda aka fara a 2014, ta yi dabam. Allon talla ce kawai: ku sa kaya, mai so ya kira ku, ku daidaita tsakaninku. Ba ta tsaya wa kowa a kan kuɗi, saboda haka sai an yi hattara, haɗuwa da baƙo kuma a yi ta a wurin da jama'a suke.

Shafi na kai

A bar wannan tukuna. Shafin kai kamar gina shago ne a daji, sai an share hanya an kuma kira mutane. Kamfanonin waje irin su Shopify da dala ake biyansu duk wata, tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuwa nauyin ya ƙaru. Idan odar ta yi yawa har ba ku iya bin hirarrakin waya, lokacin tunaninsa ya yi. A lokacin kuma yana da kyau a yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a buɗe asusun banki da sunan sana'ar.

Karɓar kuɗi da aika kaya

Ko wace hanya aka bi, a nan ake yin kuka. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, ta banki ko ta OPay da Moniepoint da PalmPay. Tare da wannan, alat na bogi ya yawaita. Hoton shaidar biya da aka turo muku ba kuɗi ba ne. Ku buɗe asusunku ku gani da idonku kafin kaya su bar gida. Idan ɗinki ne bisa awo, a karɓi aƙalla kuɗin yadi kafin a sa almakashi.

Wata 'yar ƙungiyarmu ta ɗinka ankon biki na mutum goma sha biyu ga wata da ta same ta a intanet, bisa alkawarin biya idan kaya sun isa. Ta kai tasha ta ba direba. Da kayan suka isa, sai matar ta ce launin bai yi ba, ta daina ɗaga waya. An dawo da su, an biya kuɗin mota sau biyu, riguna kuma an ɗinka su ne bisa awon wasu. Ta yi wata huɗu kafin ta biya mai yadi.

Aikawa ta tasha ita ce mafi araha, amma a rubuta lambar direba da ta mota, a ɗauki hoton ƙunshin, a tura wa mai saye nan take. Kamfanonin kai saƙo sun fi tsada, sai dai suna ba da rasit. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau sosai, don haka a faɗi kuɗin aikawa dabam tun farko, a kuma yarda a kan wanda zai biya idan za a dawo da kaya.

Idan ƙofar ta rufe

Duk waɗannan wurare na wasu ne, mu 'yan haya ne a ciki. A watan Yuni na 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai a Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 4 ga Oktoba na 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka tsaya cik a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Abin da ya fi waɗannan faruwa kullum shi ne satar waya, ko wani ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo, ya ƙwace asusun, ya shiga karɓar kuɗi da sunanku. Waɗannan lambobi ba a ba kowa, ko da ya ce daga ofis yake. A kunna tsaro mai mataki biyu da ke cikin saitin WhatsApp, minti biyu ya isa.

Sa'an nan a sayi littafi mai kauri. Kowane mai saye ya sami shafinsa: suna, lambar waya, gari, awon kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawo, abin da ya saya da ranar. A ajiye shi a gida, ba cikin jaka ɗaya da waya ba. Wata guda kafin Kirsimeti ko Sallah a buɗe shi, a kira mutanen ɗaya bayan ɗaya a tambaye su ko za a ajiye musu layi.