Me Ke Sa Itace Ya Saki? Daga Ƙafar Tsohuwar Mota Zuwa Ƙotar Gatari

Tsakanin 1908 da 1927 kamfanin Ford na Amurka ya ƙera mota samfurin Model T fiye da miliyan 15. Galibinsu ƙafafunsu na itace ne: sanduna 12 da suka tashi daga cibiya zuwa da'irar da ke riƙe da taya. Masu farfaɗo da waɗannan motoci a gida suna fama da matsala guda, wato sandunan su saki har ƙafar ta riƙa ƙara. Manomin Musawa ko Malumfashi ya san wannan cuta, domin ita ce ke kama ƙotar gatari da ta fartanya da zarar hunturu ya shigo.

Itace tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye masu rami a ciki, a jere kamar damin kara. Bangonsu an gina shi da sinadarin selulos mai jan ruwa. Ɗanyen itace na ɗauke da ruwa iri biyu: na cikin ramin da na jikin bangon. Na cikin ramin ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman itacen. Sai danshi ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 sannan bangon ya fara bushewa, itacen ya fara tsukewa.

Tsukewar nan ba daidai take ta kowace fuska ba. A tsawo da ƙyar ta kai kashi 0.2 cikin 100, amma a kauri tana iya kai wa kashi 4 zuwa 10. Busasshen itace ma bai daina wannan motsi ba. In laimar iska ta kai kashi 80, kamar a watan Agusta, danshin itace na komawa wajen kashi 16. In ta faɗi zuwa kashi 20 a hunturu, ya sauko kusan kashi 4 da rabi. Ke nan abin da aka haɗa da damina zai saki da rani.

Mutane da yawa kan jiƙa ƙafar ko ƙotar a ruwa. Nan take sai ta kama, amma maganin na ɗan lokaci ne. Itacen da ya kumbura alhali ƙarfe ya tokare shi, ƙwayoyinsa murƙushewa suke yi, ba sa komawa yadda suke. In ya sake bushewa sai ya fi da sakewa. Yawan jiƙawa kuma na gayyato ruɓa. Haɗarin ba ƙarami ba ne: ƙafar mota na iya wargajewa ana cikin gudu, ruwan gatari kuma ya fice ya sari na kusa.

Gyara na gaskiya shi ne a sake sandunan da itace mai ƙarfi, wanda aka tsaga bisa tsawon jijiyarsa. Ford ya yi amfani da itacen hikori. A nan masassaƙa sun daɗe da sanin darajar marke da ƙirya. A busar da itacen sosai, a haɗa shi da matsi a lokacin da ya fi bushewa, sannan a shafa masa fenti ko mai don rage saurin shan laima. Daga nan duk danshin da ya sha ƙara matse shi zai yi.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A sami guntun busasshen katako, a auna nauyinsa da tsawonsa da kaurinsa a Janairu, a ajiye shi a inuwa, a sake aunawa a Agusta. Ɗalibai su lissafa wace fuska ce ta fi canzawa, su kuma bayyana dalili.